Zanen da Ake Juya wa Baya a Gidan Louvre

A hawa na ɗaya na gidan tarihin Louvre da ke birnin Paris akwai wani babban zaure da ake kira Salle des États, wanda akasarin baƙi suke nufa tun kafin su kalli komai. Abin da ke jan su can shi ne Mona Lisa, hoton matar wani attajirin siliki na birnin Florence, wanda Leonardo da Vinci ya fara zanawa wajen shekarar 1503. Zanen ƙarami ne, tsawonsa santimita 77, faɗinsa 53, a kan allon katako, an killace shi bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa. Mutane kan bi layi tsakanin igiyoyi kamar masu jiran kuɗi a banki ranar albashi, kowa ya ɗaga waya sama, wanda ya isa gaba ya samu 'yan daƙiƙu, ma'aikata su ce ya ba na baya wuri.

Duk wanda ke cikin wannan layi ya juya wa zane mafi girma a gidan baya. A bangon da ke fuskantar Mona Lisa an rataye Bikin Aure a Kana, aikin Paolo Veronese, mai tsawon kusan mita 7 da faɗin kusan mita 10. Murabba'in mita wajen 70 ke nan, fili da ya ishi ɗaki da falo har da madafa. Zane-zanen nan biyu duk 'yan Italiya ne suka yi su, amma hanyar da kowanne ya bi ya iso wannan zaure daban ce. Ƙaramin ya zo Faransa tare da mai shi, bisa gayyatar sarki. Babban kuwa sojoji ne suka ɓamɓaro shi daga bangon da aka yi shi dominsa. Wanda ya fahimci bambancin hanyoyin nan biyu ya kama bakin zaren tarihin gidan, domin a Louvre haƙƙin talaka na ganin kayan sarakuna da kwasar ganimar yaƙi tare aka haife su, a shekaru guda, kuma daga hannu guda.

Ginin kansa ba don zane aka yi shi ba. Sarki Philippe Auguste ne ya kafa shi wajen 1190 a matsayin sansanin tsaro a bakin kogin Seine, kuma har yau mai ziyara na iya sauka ƙasa ya zagaya tushen ganuwarsa. Sarki François na Ɗaya ya fara rushe tsohon sansanin, ya mai da shi fada irin ta Italiya daga 1546. Shi ne dai ya gayyaci Leonardo a 1516, tsohon ya haye duwatsun Alps da wasu zane-zanensa, ya rasu a Amboise a 1519, Mona Lisa ta shiga taskar sarauta. Daga nan sarakunan da suka biyo baya suka yi ta tarawa, musamman Louis na 14, wanda ya mai da fadarsa Versailles a 1682 ya bar Louvre ga masu zane da malaman fasaha, wasunsu har da iyalansu suke zaune a ciki. A wani zaurensa, Salon Carré, aka riƙa baje kolin sabbin ayyuka, abin da ya sa kalmar salon ta zama sunan baje kolin zane a Turai. Amma taskar sarki ta sarki ce. An ɗan buɗe wani sashe nata a fadar Luxembourg a 1750, kwana biyu a mako, sannan aka rufe a 1779.

Juyin juya hali ne ya karya ƙofar. A ranar 10 ga Agusta 1793, daidai shekara guda da tumɓuke sarauta, kuma watanni bakwai bayan an fille kan Louis na 16, aka buɗe Louvre ga jama'a da zane 537. Yawancinsu na sarki ne, sauran an ƙwato su daga majami'u da gidajen manyan da suka tsere daga ƙasar. A kalandar juyin juya hali mako kwana goma ne, aka ware kwana uku ga kowa da kowa, ba a biyan ko sisi, sauran akasari na masu koyon zane ne. Bai kamata a raina wannan ba. Ma'aikacin da kakanninsa suka biya harajin da aka sayi zanen Raphael da shi, karon farko ke nan da ya tsaya gabansa ba tare da neman izinin dogari ba. Duk gidan tarihi na gwamnati da muke shiga yau da ɗan kuɗin ƙofa, har a Jos, yana da bashin wannan rana a kansa.

Sai dai tunanin bai tsaya a iyakar Faransa ba. Masu mulkin lokacin suka ce, tunda kayan fasaha na 'yantattu ne, ba daidai ba ne a bar su a hannun sarakuna da limaman coci na maƙwabta, waɗanda jama'arsu ke cikin ƙangi. Ɗauko su zuwa Paris, a ganinsu, 'yanta su ne. Da wannan hujja aka fara da Beljiyam a 1794, inda aka sauko da manyan zane-zanen Rubens daga babbar majami'ar Antwerp. Da wani matashin janar mai suna Napoleon Bonaparte ya shiga Italiya a 1796, sai aka mai da abin tsari. Kowace ƙasar da aka ci, a rubuta cikin yarjejeniyar sulhu adadin zanen da za ta bayar. A yarjejeniyar Tolentino ta Fabrairun 1797 an tilasta wa Fafaroma Pius na Shida ya miƙa kayan fasaha 100 da littattafan hannu 500. A watan Mayu jamhuriyar Venice, wadda ta shekara sama da dubu tana mulkin kanta, ta faɗi, aka ɗora mata zane 20 da littattafan hannu 500. Masu zaɓen kayan ba 'yan ta-kife ba ne. A cikin kwamitin akwai Gaspard Monge, gwanin lissafi, da Claude Berthollet, masanin sinadarai. Mutane ne masu ilimi, sun san abin da suke ɗauka.

A nan ya kamata mu dakata kan babban zanen, domin sai an san abin da yake kafin a san abin da aka yi masa.

A wani tsibiri da ke fuskantar dandalin San Marco na Venice akwai gidan zuhudu na San Giorgio Maggiore, na 'yan ɗariƙar Benedict. Andrea Palladio, shahararren magini, ya gina musu zauren cin abinci, dogo, mai manyan tagogi a gefe. A watan Yunin 1562 suka ƙulla yarjejeniya da Veronese ya cika bangon ƙarshen zauren da zane guda. Ladansa dukat 324, da abincinsa, da gangar ruwan inabi. Sun kuma gindaya masa sharaɗin amfani da launuka mafi tsada, har da shuɗin nan da ake niƙawa daga dutsen lazuli, wanda fatake ke kawowa daga duwatsun Afganistan. Ya gama cikin watanni goma sha biyar, a 1563.

Labarin daga Linjilar Yohanna yake: bikin aure a ƙauyen Kana na ƙasar Galili, inda Kiristoci suka yi imani Yesu Almasihu ya mai da ruwa ruwan inabi bayan na masu biki ya ƙare. Amma Veronese bai zana ƙauye ba. Ya zana Venice ta zamaninsa, birnin fatake da ke cinikin yaji da alharini da Daular Usmaniyya. Mutum wajen 130 ne a ciki, sanye da karan-miski da zarbafi, wasu da rawani irin na Santambul, ga barori baƙaƙen fata, ɗaya yana miƙa wa ango kofi, ga karnuka, ga aku, ga mahauta a saman baranda suna saran nama daidai saitin kan Yesu, wanda ke zaune a tsakiya shiru, shi kaɗai yake duban mai kallo ido cikin ido. Amarya da ango kuwa an tura su can gefen hagu, sai mutum ya neme su. A gaba akwai makaɗa huɗu, kuma an daɗe ana cewa mai farar riga Veronese ne da kansa, mai ja kuma Titian, dattijon masu zanen birnin. (Wannan ɗabi'a tasa ta cika labarin addini da 'yan biki ta jawo masa tuhuma a 1573 kan wani zane daban, kotun coci ta ba shi wata uku ya gyara. Bai taɓa zanen ba, sunansa kawai ya sauya.)

Abin da ba a iya gani a Paris shi ne yadda zanen ya auri ɗakinsa. Ba shi da firam, ya cika bango daga kusurwa zuwa kusurwa, an ɗaga shi sama da kan mutum. Ginshiƙan da ke cikinsa sun ɗora daga inda ginin Palladio ya tsaya, hasken cikinsa ya dace da na tagogin zauren. Masu zuhudun suna cin abinci ne ba magana, ɗaya daga cikinsu yana karanta musu littafi. Su ɗaga kai, sai su ga kamar bango ya buɗe, teburinsu ya haɗu da na wani biki da ke ƙarƙashin sararin sama. Haka ya zauna shekara 234.

A watan Satumban 1797 aka ɓalle shi daga bango. Ƙyallen da aka yi zanen a kai ya fi ƙarfin a ɗauke shi a miƙe, sai aka raba shi, aka naɗe kamar tabarma, aka sa a jirgin ruwa zuwa kudancin Faransa, daga nan ya bi koguna da magudanan jirage har Paris, tafiyar watanni masu yawa. A ƙarshen Yulin 1798 gwamnati ta shirya gagarumin hawa domin ganimar Italiya: jerin amalanke ɗauke da akwatuna, da raƙuma da zakuna a keji, da dawakan tagulla huɗu da aka sauko da su daga saman majami'ar San Marco. Dawakan nan, ya kamata a faɗa, mutanen Venice su ma ganima suka ɗebo su daga Kustantiniyya a 1204. An yi wa ɓarawo sata ke nan, kuma wannan ya nuna cewa ba Faransawa suka ƙirƙiri kwasar ganima ba. Sabon abin da suka kawo shi ne mai da ita aikin ilimi, da rasit, da lambar rajista.

Ba kowa ne ya yi shiru ba, ko a Paris ɗin. Tun a 1796 wani masani mai suna Quatremère de Quincy ya wallafa jerin wasiƙu yana sukar abin. Hujjarsa ita ce birnin Rum gaba ɗayansa gidan tarihi ne, da tituna da haske da al'adun mutanensa, kuma duk abin da aka cire daga mazauninsa an rage masa ma'ana ko da bai yi ƙwarzane ba. Masu zane da dama suka sa hannu a takardar koke, har da Jacques-Louis David, wanda daga baya ya zama mai zanen fadar Napoleon. Ba a saurare su ba. A 1802 aka naɗa Dominique Vivant Denon shugaban gidan, mutumin da ya raka Napoleon yaƙin Masar, shekara guda bayan haka aka sauya wa gidan suna zuwa Musée Napoléon. Denon ya riƙa bin sawun rundunar yaƙi zuwa Jamus da Ostiriya da Sifaniya yana zaɓe, har sojoji suka san shi da aikin ɗaure kaya. Reshen ginin da Mona Lisa da Bikin Kana suke ciki yau sunansa yake ɗauke da shi.

Bayan an murƙushe Napoleon a Waterloo a 1815, ƙasashen da suka yi nasara suka zo karɓar kayansu, da sojoji a bakin ƙofa. Fafaroma ya turo mai sassaƙa Antonio Canova ya karɓo na Rum. Dubban kayayyaki suka koma, dawakan San Marco ma suka koma. Mutanen Paris suka tsaya a titi suna kallo cikin takaici, domin a ganinsu fashi ake yi musu. Amma kusan rabin zane-zanen da aka kwaso daga Italiya ba su koma ba, kuma dalilan suna da ban sha'awa. Wasu an riga an rarraba su ga gidajen tarihi goma sha biyar da dokar 1801 ta kafa a manyan garuruwa, ba wanda ya bi su can. Shi ya sa wani babban zanen Perugino yake garin Caen har yau. Wasu an raba su gida biyu: babban allon Mantegna na majami'ar San Zeno ya koma Verona, amma ƙananan alluna uku na ƙasansa suna Faransa, ɗaya a Louvre, biyu a Tours. Wasu kuma, irin tsofaffin ayyukan Cimabue da Giotto da Denon ya ɗebo daga Pisa, wakilan da aka turo ba su ɗauke su da muhimmanci ba a lokacin, suka bar su.

Shi kuwa Bikin Kana, Denon ya ce ya yi girma kuma ya yi rauni, wata tafiyar za ta hallaka shi. Venice a lokacin tana ƙarƙashin Ostiriya, don haka da wakilin sarkin Ostiriya aka yi cinikin, mutanen birnin ba su da baki. Aka amince da musaya: Faransa ta riƙe Veronese, ta ba da wani zanen Charles Le Brun, wanda ke gidan Accademia na Venice yanzu, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa tsallaka teku don ya gan shi. Raunin da aka kafa hujja da shi bai hana a naɗe zanen a fitar da shi daga Paris a yaƙin 1870 ba, bai kuma hana a yi ta yawo da shi a mota a kudancin Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba. A 1992, ana dab da kammala gyaransa a cikin Louvre ɗin, ruwa ya ɗigo masa daga sama, kwana biyu bayan haka ƙarafan da ke riƙe da shi suka goce ya yage a wuri biyar.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Kayan da suka koma a 1815 da yawa ba su koma majami'un da aka ɗauko su ba. Shahararren zanen Raphael na ƙarshe, da ya dawo Rum, gidan zane na Vatican aka kai shi, ba bagadin da ya baro ba. Gidan Brera na Milan, da Rijksmuseum na Amsterdam, da Prado na Madrid, duk tushensu yana da alaƙa da zamanin Napoleon da 'yan'uwansa. Waɗanda aka yi wa kwace sun la'anci ɓarawon, amma sun kwaikwayi shagonsa.

Akwai wani abin dariya mai ɗaci a tarihin ƙaramin zanen. Ranar Litinin 21 ga Agusta 1911, gidan yana rufe, wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa aikin sa wa zane-zanen gilashi, ya cire Mona Lisa daga bango ya fita da ita. Sai washegari aka lura. Jaridun duniya suka ɗauka, 'yan sanda suka tsare mawaƙi Apollinaire, suka yi wa Picasso tambayoyi, jama'a suka riƙa yin layi don kallon ƙusoshin da aka rataye ta. Shekara biyu tana cikin akwati a ɗakinsa a Paris, sai a Disambar 1913 aka kama shi a Florence yana neman sayar da ita. A gaban kotu ya ce kishin ƙasa ne, yana mayar wa Italiya abin da Napoleon ya sace. Cikin ɗaruruwan zanen Italiya da ke gidan, ya zaɓi wanda ya shigo Faransa ta halal shekaru kusan 250 kafin a haifi Napoleon. Wanda ya cancanci hujjarsa ba ya shiga ƙarƙashin riga. Satar ce ta mai da Mona Lisa abin da take yau. Kafin 1911 masana sun san darajarta, amma bayan 1913 har wanda bai taɓa shiga gidan tarihi ba ya san fuskarta.

Daga wannan zaure, taku kaɗan ne zuwa jajayen zauruka inda manyan zane-zanen Faransa na ƙarni na 19 suke. A can akwai na David mai nuna naɗin Napoleon a 1804, inda aka zaunar da mahaifiyarsa a wuri mafi daraja alhali ba ta halarci bikin ba. Amma wanda ya fi cancantar mai karatu daga Afirka ta Yamma ya tsaya a gabansa shi ne na Théodore Géricault, domin a gaɓar tekunmu abin ya faru.

A 1816 Faransa ta tura jiragen ruwa su karɓi garin Saint-Louis na Senegal daga hannun Ingila. Babban jirgin, Méduse, an ba da shi ga wani kyaftin da ya shekara ashirin da wani abu bai ja jirgi ba, cancantarsa kawai biyayya ga gidan sarautar da ya dawo mulki. Ranar 2 ga Yuli ya kafe jirgin a rairayin Arguin, gaɓar Muritaniya ta yau. Kwale-kwalen ceto ba su isa ba. Kyaftin da sabon gwamna da manya suka shiga ciki, aka ɗora mutum wajen 147 a kan wani dandamalin katako da aka ɗaɗɗaure, da alƙawarin za a ja su zuwa gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiya. Kwana goma sha uku suna yawo a teku, da ƙishirwa da faɗa da kisa, har ta kai ga cin naman gawa. Mutum goma sha biyar aka tsinta da rai, biyar daga cikinsu suka mutu ba da jimawa ba.

Géricault, yana ɗan shekara ashirin da wani abu, ya zauna da waɗanda suka tsira, ya sa aka ƙera masa samfurin dandamalin, ya riƙa zuwa asibiti yana nazarin gawawwaki. Ya yi zanen da girman da aka saba keɓe wa sarakuna da yaƙe-yaƙen nasara, kusan mita 5 a mita 7, ya cika shi da mutanen da gwamnati ta yasar. A ƙololuwar tarin jikkunan, wanda ke kaɗa tsumma ga jirgin da ke can nesa kamar ɗigo, baƙar fata ne, ya juya wa mai kallo baya. Wani mutumin Haiti mai suna Joseph ne ya tsaya aka zana. A lokacin da ake ci gaba da safarar bayi daga wannan gaɓa a ɓoye, ɗora begen kowa a hannun baƙar fata magana ce, kuma masu kallo na 1819 sun ji ta. Géricault ya rasu a 1824 yana da shekara 32, a shekarar gidan ya sayi zanen. Gwamnatin da aka zana abin kunyarta ita ta biya kuɗinsa, wannan kuma yana cikin abin da ke sa ba a iya yanke wa Louvre hukunci da kalma ɗaya.

A wani hawa na sama, inda cunkoso bai kai ba, akwai hoton wata baƙar mace da farin ɗankwali, wanda Marie-Guillemine Benoist ta zana a 1800, tsakanin soke bauta a 1794 da dawo da ita da Napoleon ya yi a 1802. Fiye da shekara ɗari biyu allon bayaninsa launin fatarta kawai yake ambata. Sai a 2019 bincike ya dawo mata da sunanta, Madeleine, 'yar tsibirin Guadeloupe, mai aiki a gidan dangin mijin mai zanen.

Muhawarar 1815 ba ta mutu ba, nahiya kawai ta sauya. A 2016 Jamhuriyar Benin ta nemi Faransa ta dawo mata da kayan fadar Abomey da Janar Dodds ya kwashe a 1892, aka amsa mata cewa doka ta hana fitar da duk abin da ya shiga taskar ƙasa. A Nuwambar 2017 Shugaba Macron ya yi jawabi a Wagadugu ya yi alƙawarin sauyi, ya ɗora wa Felwine Sarr na Senegal da Bénédicte Savoy ta Faransa rubuta rahoto, wanda ya ƙiyasta kayan Afirka kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin Faransa. Ba banza aka zaɓi Savoy ba: bincikenta na farko a kan ganimar Napoleon a Jamus ne, ta san hujjojin Denon tun daga tushe. Sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 2020 kafin kaya 26 su koma Kwatano a 2021. Dokar ce kuma ta mallaka wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal, malamin da ya zauna shekaru a Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Hujjojin da aka yi ta ji a tsakani, cewa kayan sun yi rauni, cewa a nan aka fi kula da su, cewa a nan duniya ta fi ganinsu, cewa an same su bisa dokar zamaninsu, duk an gwada su a kan Italiyawa tukuna. Bambancin shi ne masu neman kayansu a 1815 sun zo da rundunar da ta ci yaƙi, suka karɓa cikin shekara ashirin. Abomey ta jira shekara 129.

Louvre yana baje kolin kaya wajen 35,000, kuma a 2018 mutum miliyan 10.2 suka shiga. Ba mai iya ganinsa a yini guda, wanda ya gwada zai fito da ciwon ƙafa da hotuna a waya kawai. Gara mutum ya zaɓi zane biyar ko shida, ya ba kowanne kwata, ya kuma karanta ɗan allon bayanin da ke gefe har layin ƙarshe, inda galibi ake faɗin yadda gidan ya mallaki abin da shekarar da ya shigo. Inda aka ga 1797 ko 1798 a gefen sunan wani garin Italiya, an san hanyar da aka biyo.

A Janairun 2025 Macron ya sanar cewa za a gina wa Mona Lisa ɗakinta na musamman, abin da zai bar Bikin Kana da zauren da masu kallonsa. Amma ba zai dawo masa da tsayinsa a bango ba, ko tagogin Palladio. A Paris yana rataye ƙasa-ƙasa, cikin firam mai ruwan zinariya, tsakanin ƙofofi biyu. A Venice kuwa, ranar 11 ga Satumba 2007, shekara 210 daidai da ɓalle shi, aka yaye labule a zauren San Giorgio Maggiore, aka ga bangon ya cika. Wani kamfani na Madrid mai suna Factum Arte ne ya ɗauki hoton zanen dalla-dalla da na'ura a cikin Louvre, da izinin gidan, ya sake buga shi a kan ƙyalle da girmansa, har da ɗinkin da tabon yankan 1797. Kwafin yana can ba firam, daga kusurwa zuwa kusurwa, hasken rana yana shigowa ta gefen da Veronese ya lissafa, kuma akwai masana da suka tsaya a gaban duka biyun suka ce a tsibirin ne suka fara gane abin da mai zanen yake nufi.